Bindigar farauta ta oda: ina kuɗin yake tafiya?

Baban Halifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Takardun lasisina sun kammala, kuma na daɗe ina tara kuɗi saboda bindiga guda ɗaya tak wadda zan riƙe har tsufa, ta manyan namun dawa, irin su gwanki da kanki, in Allah ya nufa wata rana har ɓauna. Da na fara bin farashi sai kaina ya ɗaure. Ga ta kamfani wadda ba ta kai dala 1,500 ba, ga ta oda da ƙananan maƙera ke haɗawa wajen dala 8,000, ga kuma ta Landan mai baki biyu da ake maganar fam 100,000 da ɗoriya. Harsashi iri ɗaya za su iya ci dukansu. To don Allah me mutum yake saya da wannan tazarar? Mai tsadar ta fi samun nama ne, ko suna kawai ake biya?

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, in daidaiton harbi kaɗai kake nema, ka riƙe kuɗinka. A wannan zamanin shi ne abu mafi arha a jikin bindiga. Injinan da kwamfuta ke sarrafawa suna yanka ƙarfe da awon da hannun mutum ba zai iya maimaitawa kullum ba. Ka duba Tikka da Sako na ƙasar Finland: kamfanin yana ba da tabbacin cewa da harsashi mai kyau harbinka zai taru cikin kusan inci 1 a nisan yadi 100, wato wajen santimita 3 a mita 100. Maƙerin oda zai ce maka tasa tana tara harbi a rabin haka, kuma sau da yawa gaskiya yake faɗa. Amma wurin da ake nema a jikin gwanki, zuciya da huhu, faɗinsa ya wuce santimita 20. Kana tsaye, numfashi na sama, ka ɗora bindiga a kan sanduna, rawar hannunka kaɗai ta ninka wannan bambancin sau da yawa.

Kawu Ilu:
Sabo ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Ɗana Baban Halifa, tunda ka ambaci ɓauna, maganar ta tashi daga takardar gwaji ta koma wani wuri. Ɓauna ba ta tambayar inci nawa bindigarka take tarawa. Abin da zai fitar da kai shi ne harsashi na biyu ya hau cikin bututu ba gardama, kana gudu ko kana ja da baya, ƙura ta shiga ko'ina, hannunka ya jiƙe da gumi. A nan ne aikin maƙerin kirki yake, kuma aiki ne da ba a ganinsa a hoto.

Shi ya sa har yau manyan maƙera ba su rabu da tsarin da Paul Mauser ya fitar a 1898 ba. Sakatar Mauser 98, wato ƙarfen da ake ja ana turawa don ɗora harsashi a bututu, tana da wata doguwar ƙugiya a gefenta wadda ke cafke gindin kwanson harsashi tun yana tasowa daga ma'ajiya, ta riƙe shi har ya shige, ta kuma fizgo shi bayan harbi ko da ya ɗan maƙale. Amma samun ƙugiyar kaɗai bai isa ba. Leɓunan ma'ajiyar da gangaren da harsashi ke hawa sai an goge su da magagari daidai da siffar harsashin da za a yi amfani da shi, a gwada, a sake gogewa, a gwada da mai kan dalma, a gwada da mai faffaɗan kai na tagulla zalla wanda ya fi kowanne taurin hawa. Kamfanin da ke fitar da dubbai a wata ba shi da lokacin wannan zaman. Mai oda yana da shi, kuma lokacin nan nasa kake biya.

Ka tuna abin da ya faru da Winchester Model 70. Ta fito a 1936 da irin wannan ƙugiyar, a 1964 kamfanin ya sauya tsarin don rage kuɗin ƙira, maharba suka yi ta ƙorafi har tsofaffin na kafin 1964 suka yi tsada a gwanjo. Daga baya, a shekarun 1990, dole aka dawo da ƙugiyar.

Ɗanjuma:
Kawu, da girmamawa, ina ganin ana zuzuta maganar ƙugiyar nan fiye da kima. Remington 700 tun 1962 take, ba ta da ita, kuma an yi farautar da ba ta ƙirguwa da ita. Blaser R8 ta Jamus ma tsarinta daban ne gaba ɗaya, sakatar ja da turawa kawai ake yi ba a murɗawa, kuma mutane da yawa suna shiga dajin ɓauna da ita. Ni ita zan ba shi shawara: bindiga ɗaya, ka sayi bututu biyu, ɗaya na ƙananan dabbobi ɗaya na manya, ka sauya cikin minti kaɗan, saitin madubin hangen nesa da ke kan bindigar bai gushe ba.

Kawu Ilu:
Ban ƙi ba, Ɗanjuma, R8 bindiga ce mai kyau kuma ban ce maras ƙugiya ba ta aiki ba. Na ce ne in mutum zai biya kuɗin oda, ya san abin da zai sa a yi masa. Da bindiga mai ƙugiya wadda ba a gyara mata hawan harsashi ba, gara maras ƙugiyar da ke tafiya sumul.

Baban Halifa:
Na gode ƙwarai. To ita ta Landan fa? Me ya kai ta wannan farashin?

Hajiya Kulu:
Bari in amsa wannan, don na daɗe ina bin kasuwar gwanjon tsofaffin bindigogi, kuma aikin hannun da ke jikinsu yana burge ni matuƙa. Gidajen da ke ƙera irin waɗannan bindigogi tsofaffi ne. Rigby ya faro a Dublin a 1775, Westley Richards a Birmingham a 1812, Purdey a Landan a 1814, Holland & Holland a 1835. Harsashin .375 H&H da kowa zai ce ka saya na Holland & Holland ne, 1912 suka fitar da shi, .416 Rigby kuma 1911 (lambobin .375 da .416 faɗin harsashin ne a inci). Don haka e, akwai kuɗin suna a ciki, kuma ba kaɗan ba. Amma kar a ce suna ne kaɗai.

Ɗauki mai baki biyu. Bututu biyu ne a manne gefe da gefe, kuma ana so dukansu su jefa harsashi wuri ɗaya. In ka manne su a miƙe sambal ba za su yi haka ba, domin da an harba na dama, dukan da bindigar ke yi baya yana karkata ta dama tun harsashin bai bar bututu ba, na hagu kuma ya karkata ta hagu. Saboda haka sai an ɗan matso da bakunan kusa da juna, kuma babu lissafin da zai ba ka adadin dindindin, kowace bindiga da halinta. Maƙeri zai like bututun da dalma, ya je filin gwaji ya harba, ya dawo ya narka likin, ya ɗan motsa wani ƙaramin ƙarfe da ke tsakaninsu, ya sake likewa, ya koma ya harba. Haka zai yi ta yi har sai dama da hagu sun haɗu, galibi a nisan yadi 50 ko kusa da haka. Kuma wannan haɗuwar ta harsashi iri ɗaya ce, nauyi ɗaya, gudu ɗaya. Ka sauya harsashi, tana iya watsewa.

Sai haɗa ƙarfe da ƙarfe. Har yanzu ana amfani da fitila mai hayaƙi: a shafa wa fuskar ƙarfen baƙin hayaƙi, a rufe bindigar, a buɗe, inda baƙin ya goge nan ne ya yi tudu, a sa magagari a rage, a sake shafawa. Ana yin haka har ya zama in an rufe ko siririn gashi ba zai shiga tsakani ba. Haka ake shigar da ƙarfen cikin itacen ƙota ma. Shi itacen walnat ne, mafi daraja daga Turkiyya da yankin Kokasas da Faransa, ana yanko shi daga gindin tsohuwar bishiya inda jijiyoyin suka murɗe, a ajiye shi shekaru yana bushewa. Guntun katako guda mai kyakkyawan zane yana iya cin dubban fam tun ba a taɓa shi da wuƙa ba. Bayan an sassaƙa, mai ake shafawa da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, makonni ana yi. Sannan mai zane ya karɓa ya zauna da ƙaramin kurfi yana fitar da furanni da ganyaye a jikin ƙarfe. In ka tara duka, sa'o'i ɗaruruwa ne na mutane da yawa waɗanda kowannensu ya yi shekaru yana koyon sashe ɗaya kawai, ana kuma biyansu albashin Ingila. Jira kuwa, shekara biyu ba abin mamaki ba ne.

Injiniya Sabo:
Hajiya, duk na yarda, kuma ni ma in na ga irin wannan aikin sai na tsaya. Sai dai mu faɗa wa Baban Halifa a fili: zanen furanni da kyawun itace ba sa ƙara wa harbi komai. Hasali ma itacen da ya fi kyan gani wani lokaci ya fi rauni, in murɗaɗɗun jijiyoyin suka faɗo a wuyan ƙota inda hannu ke kamawa, wurin da ya fi ko'ina siranta. A bindiga mai duka kamar .416, nan take tsagewa. Maƙerin da ya san aikinsa yana neman jijiya miƙaƙƙiya a wuyan, kyan ya koma can baya. Kuma itace yana shan laima ya kumbura ya taɓa bututu, saiti ya gushe. Ƙotar zaren gilas irin ta McMillan ko ta kabon ba ruwanta da damina. Akwai manyan maƙera a Amurka, irin su D'Arcy Echols a jihar Utah, da suke ɗaukar Model 70 su sake ta gaba ɗaya su ɗora ta a kan ƙotar roba, ba zane ba ado, kuma mutane na layi suna biyan kuɗi masu yawa. Wannan ya nuna maka cewa aikin cikin ne ake biya.

Malam Audu:
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma a wurina shi ne babban dalilin yin oda: awo. Bambancin rigar kanti da ɗinkin tela ne. Bindigar kamfani an yi ta ne don wani matsakaicin mutum da babu shi. In kai dogo ne, ko gajere, ko mai dogon wuya, ko bahago, ko idonka na hagu ya fi na dama ƙarfi, kullum kai ne kake lanƙwasa jikinka ka bi bindigar. Maƙerin oda zai auna nisan kunama zuwa ƙarshen ƙota, da saukar ƙotar daga layin bututu, da ɗan karkacewarta gefe don idonka ya faɗa kan saiti ba tare da ka kwantar da kai ba. Gidajen Ingila suna da wata bindigar gwaji mai gaɓoɓi da ake kwancewa ana ɗaurewa, ka yi ta harbi da ita ana gyarawa har a samu awonka.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka rufe ido, ka ɗaga bindigar zuwa kafaɗa kamar yadda za ka yi a daji, ka buɗe ido. In saitin yana gaban idonka, ta dace da kai. In sai ka motsa kai kana nema, daƙiƙar nan da ka ɓata ita ce dabbar take shigewa duhuwa.

Kuma awo yana rage zafin duka. Bindigar da ba ta zauna a kafaɗa ba tana marin kumatu, mutum ya fara tsoronta, ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama tun kafin ta tashi. Daga nan ko ta fam 100,000 ce ba za ta samu komai ba. Kar kuma ka yarda a yi maka .375 maras nauyi don daɗin ɗauka. Wajen kilo 4 zuwa 4.5 tare da madubi shi ne daidai, nauyin ne ke shanye dukan.

Baban Halifa:
Malam, wannan ta shige ni, don ni bahago ne, kuma ban taɓa riƙe wadda na ji ta zauna mini ba. To tsakanin mai baki biyu da mai sakata fa? Kuma wane harsashi?

Kawu Ilu:
Tunda bindiga ɗaya kake so, mai sakata, a .375 H&H. Kada ka wahalar da kanka. Mai baki biyu ta gaba da gaba ce, amfaninta harbi biyu cikin ƙiftawar ido a kusa, kuma ko gefe ɗaya ya lalace ɗayan yana aiki, shi ya sa ƙwararrun masu rakiyar mafarauta suke sonta. Amma gwanki a fili a mita 200 ba aikinta ba ne. Ita .375 tana jefa harsashi mai nauyin gram 19 da ɗoriya da gudun da ya haura mita 750 a daƙiƙa, tafiyarsa a miƙe take kusan kamar ta .30-06, sanannen harsashin farauta na Amurka, kuma ƙasashe irin su Tanzaniya ita suka sa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da doka ta yarda a tunkari dabbobi masu haɗari da shi. Ana samun harsashinta duk inda ake wannan farautar. Ka guji sababbin harsasan da kamfani ɗaya kaɗai ke yi, ko waɗanda maƙeri ya ƙirƙiro da kansa. Ranar da jakarka ta ɓata a tafiya za ka riƙe sanda mai tsada kawai.

Kasancewarka bahago kuwa hujja ce mai ƙarfi ta yin oda, domin manyan bindigogi masu sakatar hagu ba su da yawa a kasuwa.

Ɗanjuma:
Ga bahago ma R8 tana da ta hagu, Kawu, shi ya sa nake nanatawa. Amma in zuciyarsa na kan itace da tsohon tsari, akwai tsaka-tsaki. Rigby ya koma Landan a 2013 ƙarƙashin masu Mauser da Blaser, kuma suna da wadda suke kira Big Game: ƙarfen daga Mauser a Jamus yake zuwa, a kammala ta a Landan, farashinta bai kusanci na wadda ake ƙerawa tun daga tushe ba. Sai dai ya tambaye su zancen hagu tukuna. Wanda kuma ya nace sai mai baki biyu, Heym da Merkel da Krieghoff na Jamus da Chapuis na Faransa suna yin masu aiki sosai a kan kaso kaɗan na kuɗin Landan. Ferlach ta Ostiriya ma gari ne na maƙeran bindiga tun ƙarni na 16, amma can ma kuɗi ne sosai.

Hajiya Kulu:
In ƙara da zancen sayarwa, don masu talla suna yawan cewa bindigar oda jari ce. Ka yi hattara da wannan maganar. Wadda ke riƙe darajarta ita ce mai sunan babban gida, a sanannen harsashi, wadda ba a taɓa ta ba, ko mai tarihi, kamar .275 ɗin Rigby da aka ba shahararren maharbi Jim Corbett a 1907 bayan ya kashe damisa mai ratsi-ratsi (tiger) mai cin mutane ta Champawat a Indiya. Amma bindigar da ƙaramin maƙeri ya yi maka daidai jikinka, da sakatar hagu, da haruffan sunanka a jiki, ranar da za ka sayar sai ka nemi wani bahagon mai tsayinka, kuma da wuya ka mayar da abin da ka kashe. Wannan asarar ta mai oda ita ce ribar mai sayen ta hannu. Wanda ba bahago ba, ni gwanjo nake tura shi: ya samu aikin da aka kashe wa dukiya a kan ragi mai yawa, ya kai wa maƙeri a gyara masa tsayin ƙota.

Mai sayen tsohuwa ya duba hatimin gidan gwaji, inda ake gwada ƙarfin bindiga kafin a sayar, a jikin bututu. Ingila tana da biyu, na Landan da na Birmingham wanda aka kafa a 1813, kuma doka ce a can ba a sayar da bindigar da ba ta da ingantaccen hatimi. Ya sa a leƙa masa cikin bututun da madubin leƙe, musamman maƙogwaro inda wutar albarushi ke ci. Ya duba wuyan ƙota ko akwai tsaga da aka ɓoye da mai. Tsofaffin gidajen suna da littattafan da suka rubuta kowace bindiga da lambarta, kana iya neman su faɗa maka yadda ta fita daga hannunsu don ka gane ko an sauya mata wani abu.

Malam Audu:
Ni gargaɗina a kan maƙeri mai zaman kansa ne. Cikinsu akwai waɗanda aikinsu ya kai na kowane babban gida, amma mutum ɗaya ne, in ya kwanta ciwo aiki ya tsaya. Wani abokin farautata ya ba da kafin alƙalami mai kauri a kan alƙawarin shekara ɗaya, aka yi ta ɗaga masa, ga kuɗinsa a hannun mutum ga babu takarda. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Kafin ka ba da sisi, ka nemi magana da mutanen da suka karɓi bindiga daga hannunsa kwanan nan, ba shekara goma da suka wuce ba. A rubuta komai: harsashi, tsayin bututu, nauyi, awon ƙota, hoton ainihin katakon da ka zaɓa, lokacin kammalawa, da yadda za a yi in an saɓa. Biya ya zama kashi-kashi gwargwadon ci gaban aiki. In kuma daga wata ƙasa za ta fito, ka gama da izinin fitarwa da na shigowa tun kafin a fara yanka ƙarfe.

Injiniya Sabo:
Kuma kada bindigar ta cinye kasafin duka. Madubin saiti da ƙafafun da ke riƙe shi su ne suka fi lalacewa a bindiga mai duka. Swarovski, Zeiss, Schmidt & Bender ko Leupold mai kyau, mai ƙaramin ƙarfin kusantowa wanda ke farawa daga 1 ko 1.5, da isasshiyar tazara tsakaninsa da ido don kar ya sare maka gira. A sa masa ƙafafun da ake cirewa a mayar ba tare da saiti ya gushe ba, a kuma daidaita saitin ƙarfe na jikin bututu da harsashin da za ka riƙa amfani da shi. Sauran kuɗin ka sayi harsashi ka yi ta atisaye a tsaye da kan sanduna.

Baban Halifa:
Allah ya saka da alheri, kun buɗe mini ido. Inda na karkata yanzu: mai sakatar hagu a .375 H&H, tsarin Mauser ko Model 70, itace mai ƙwari ba lallai mai ado ba, babu zane, kuɗin ya tafi kan awo da hawan harsashi da madubi. Tambaya ta ƙarshe, Kawu: ranar karɓa, ta yaya zan gane an yi aikin cikin da ka faɗa, tunda ba a ganinsa?

Kawu Ilu:
A filin harbi za ka karɓa, ba a shago ba, kuma ka sa wannan a cikin takardar tun farko. Ka zo da ainihin harsasan da za ka yi farauta da su, masu taushin kai da masu tauri. Ka cika ma'ajiya taf, ka ja sakata a hankali ƙwarai har harsasan su ƙare, kana kallon yadda kowanne ke shiga ƙarƙashin ƙugiya. Ka sake cikawa ka ja da dukan ƙarfinka, bindiga na kafaɗa ba ka sauke ba. Ka yi bakin yana kallon ƙasa, ka yi ta karkace gefe, ka gauraya mai taushi da mai tauri. Na ƙarshe a ma'ajiya shi ya fi yawan gardama, ka sa masa ido. Bayan ka yi harbi da ma'ajiya cike, ka duba ko murfin ƙasanta ya buɗe da kansa saboda duka, ka kuma fito da sauran harsasan ka ga ko kawunansu sun lotse. Ka cire madubi ka mayar ka harba, ka ga ko yana nan inda yake. In ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ne, ka bar masa ita ya gyara, ragowar kuɗinsa kuma ya jira sai an sake gwajin daga farko.